Na Tafi Wankan Jego, Na Dawo da Saƙar Leshi

Assalamu alaikum. Sana'ata sayar da kayan lefe, kuma a cikin gida nake yi, a nan Kano. Ina saro atamfa da shadda da leshi a Kantin Kwari, wani lokaci in ba masu zuwa Dubai da Chana sautu, mata su zo su zaɓa, wasu su biya nan take, wasu su riƙa kawowa kaɗan-kaɗan har biki ya matso. Da wannan sana'ar na aurar da 'ya'yana bayan rasuwar mahaifinsu, Allah Ya jiƙansa da rahama. A unguwarmu an san ni da leshi. In uwar ango ta sayo yadi biyar zuciyarta ba ta kwanta ba, ni take kawo wa. In murza shi tsakanin yatsu, in ɗaga shi a rana, in juya bayansa, in ce mata wannan ɗan Suwis ne, wannan ɗan Ostiriya, wannan kuwa ɗan Chana ne aka manna masa takardar wani.

'Yar wajena tana aure a ƙasar Beljiyam, a birnin Gent, inda mijinta yake karatun digiri na uku. Da cikinta ya tsufa dangi suka ce ni zan je, tunda haihuwar fari ce, ba uwa kusa, ba uwar miji. Na ɗaure gero da kanwa da kayan yaji a akwati na hau jirgi. Wankan jego a can labari ne mai zaman kansa: ba itace, ba tukunya, ba ganyen darbejiya, sai ruwan zafi na famfo da tawul. Muka yi yadda ya sawwaƙa. Allah Ya sauke ta lafiya, aka sami mace.

Ranar suna na soya waina na ce sai an kai wa maƙwabta, ko sun san al'adar ko ba su sani ba. Surukina ya ɗan yi jim, ya ce, "Umma, mutanen nan ba su saba da haka ba." Na ce to yau za su fara. Na sa leshina mafi tsada, ruwan toka mai huji-huji, na ɗauki kwano na sauka ƙasa. A hawan farko akwai wata tsohuwa da ta haura tamanin, ita kaɗai a gidanta. Ta buɗe ƙofa, ta karɓi kwanon da fara'a, amma idonta na kan hannun rigata. Ta nemi izini, ta sa tabarau, ta kama bakin hannun ta juya shi ciki da waje. Can ta ce da ni da Turanci, "Aikin inji ne mai kyau. Ina jin daga Ostiriya yake." Ban ji haushi ba, ai na san na inji ne, kuma ta canki ƙasar daidai. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yadda ta faɗe shi, alamar akwai wani leshin da ba inji ne ya yi shi ba. Na tambaye ta. Sai kawai ta ja hannuna zuwa bakin taga.

A kan wani ɗan teburi akwai matashi zagayayye mai tauri, faɗinsa ya ɗan fi kamu ɗaya, an lulluɓe shi da shuɗin ƙyalle. A tsakiyarsa an kafe wani kati mai ɗigo-ɗigon huji, an jera ƙananan fil na tagulla a cikin hujojin, cunkus, kawunansu na ƙyalli. Daga jikin fil ɗin zare ne fari siriri yake saukowa, kowane zare ya ƙare a wuyan wata 'yar sanda ta katako mai tsawon yatsa, mai ƙulli a gindi. Sandunan sun bazu a kan matashin, sun fi ƙarfin ƙirge a kallo ɗaya. A bayan fil ɗin kuma, inda aka riga aka wuce, ga abin da ake saƙawa ya kwanta: furanni da ganyaye da raga, fari tas. Na sunkuya ina neman ƙyallen da aka yi wa adon. Babu. Zare ne kawai ya riƙe zare. Ta zauna ta ɗora hannu, sandunan suka fara tsalle suna ƙwas-ƙwas-ƙwas, ba ta ma kallon yatsunta, idonta na kan fil. Wainar ta huce a kan kujera, ni kuma sai da aka aiko nemana daga sama.

Ta ce in riƙa kiranta da sunanta. Bakina ya kasa kiran sa'ar uwata da suna gatsau, sai na sa mata Iya, ta saba har tana amsawa. Bayan an yi arba'in aikina ya ragu, gari kuma sanyi, rana na faɗuwa tun biyar ba ta yi ba. Kullum in jaririya ta yi barci bayan azahar sai in sauka wurin Iya. Yarinyar tawa mai jego tana tsokanata, "Umma, jego kika zo ko makaranta?"

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ƙanƙantar asalin abin. Duk yawan sandunan nan, huɗu kawai ake taɓawa a lokaci guda, biyu a hannun dama, biyu a hagu. Motsi kuma biyu ne rak. Na farko a gitta: sandunan tsakiya biyu, ta hagu ta haye ta dama. Na biyu a murɗa: a kowane hannu ta dama ta haye ta hagu. Shi ke nan. Gitta, murɗa, ya ba ki raga mai shara-shara. Gitta, murɗa, gitta, ya ba ki saƙa mai cika wadda ta yi kama da farin yadi. Ki ƙara murɗa a kai, ta fito da ƙarfi da 'yan tagogi. In kin kai wurin huji a katin sai ki soka fil ya riƙe zaren, ki ja sandunan a hankali ya zauna. Da na gane wannan na ce a raina, ashe kitso ne. Duk macen da ta taɓa zama da kai a cinyarta tana raba gashi, wannan ya hau wancan, wancan ya koma ƙasa, hannunta ya riga ya san rabin aikin.

Turancin Iya kaɗan ne, nawa ma na makarantar horon malamai ne da ya kwana biyu. Launi ne ya raba mana gardama. A Beljiyam suna da tsarin zana taswirar saƙa da launuka, wanda aka ƙirƙiro a makarantar leshi ta birnin Bruges, yanzu kuma masu saƙa a ƙasashe da yawa da shi suke aiki. Inda aka ja layi kore, gitta da murɗa ne. Inda aka ja ruwan makuba, saƙa mai cika. Inda aka ja ja, mai ƙarin murɗa. Sai ta nuna min layi da tsinke, in duba launi, in yi. In na karkace ta ɗan buga min bayan hannu, ta sa in warware. Warwara a wannan aiki ba a yi da almakashi. Baya za ki koma, motsi bayan motsi, ki cire fil ɗaya-ɗaya, har ki iso inda zaren ya ɓata hanya. Iya ba ta yafe ko ɗaya. Na taɓa ce mata ai ba wanda zai lura. Ta ce, "Ke kin lura."

Da salon da ake kira torchon aka fara ni, shi ne na 'yan koyo, zarensa da ɗan kauri, zanensa duk kusurwa-kusurwa. A cikinsa akwai wani ado da suke kira gizo-gizo, inda zaruruwa suke fitowa daga ɓangarori su haɗu a tsakiya su yi ɗan dunƙule, su sake rabuwa. Ranar da gizo-gizona ya fito da ƙafafunsa daidai ba wadda ta fi wata tsawo, na hau sama da shi ina nuna wa kowa, har jaririya.

Wata Asabar surukina ya kai mu Bruges a jirgin ƙasa, ni da Iya, tafiyar ba ta fi rabin awa ba. Akwai wata cibiya da ake kira Kantcentrum a titin Balstraat, a cikin tsohuwar makarantar leshi da mata masu hidimar coci suka gudanar. Ƙasa gidan tarihi ne, sama kuma da rana mata suke taruwa kowa da matashinta, baƙi su shigo su kalla. A nan na ga salon Binche. Zarensa in ba ki matso ba ba za ki ce akwai zare ba, sandunan kuwa ɗaruruwa ne a kan matashi ɗaya, an ɗaure wasu rukuni-rukuni an jingine gefe har sai layi ya zo kansu. Matar da ke yi ta ɗaga kai ta gaishe mu, ta ci gaba da hira da ta kusa da ita, hannunta bai tsaya ba. Na daɗe a kanta ina ƙoƙarin bin zare ɗaya da ido in ga inda zai ɓulla. Sai ya shige cikin fure, ya ɓace, ya fito ta can gefe ya zama raga.

Da muka fito muka bi ta titunan da baƙi suke sayayya, tagogin kantuna cike da fararen kayan leshi, na teburi da laima da 'yan hankici, kuma da araha. Iya ta taɓe baki. Ta ce yawancin na arahar daga Asiya ake kawo su, wasu na inji ne gaba ɗaya, wasu kuma inji ne ya saƙa ɗan siririn tef aka lanƙwasa shi aka haɗa da allura. Nan fa 'yar kasuwar da ke cikina ta farka. Na ce ta koya min yadda ake ganewa. Ta ciro gilashin ƙara girma daga jakarta. Na inji, in ji ta, furen farko da na goma ba su da bambanci ko na ƙwayar zarra, in akwai aibi a ɗaya to yana nan a duka. Na hannu kowane fure da ɗan halinsa, wani ya ɗan matse, wani ya ɗan saki. Na sanduna kina iya bin zare daga farko har ƙarshe, ki ga inda aka gitta da inda aka murɗa. Wanda inji ya ɗinka a kan ƙyalle aka narkar da ƙyallen kuwa, a gilashi za ki gan shi da gashi-gashi, zaren ya tattaru ya hau kan juna ba hanya. Sai kuma farashi. In kin ga na teburi babba a kuɗin cin abincin rana, to ba sai kin ciro gilashi ba.

A jirgi muna dawowa ta ba ni labarin kakarta, kuma wannan ne ya fi zauna min. Ni da na ga abin a cikin gilashi na ɗauka sana'ar masu hali ce. Ashe masu hali sawa kawai suke yi. A ƙarni na 19 Bruges gari ne na talauci, mata dubbai da wannan saƙa suke ci da gidajensu, suna zaune a ƙofar gida in da rana, in dare ya yi a kunna kyandir a ajiye kwalba mai ruwa a gabansa don hasken ya tattaru a kan matashi. Yara mata tun suna ƙanana ake kai su makarantun saƙa su wuni a sunkuye. Akwai dillalai da suke kawo zare da kati, su dawo su karɓi aiki, su cire kuɗin zare, su biya abin da suka ga dama. Mai saƙa ba ta san wa zai sa ba, ba ta san nawa aka sayar ba. Iya ta ce kakarta ba ta taɓa ɗaura leshin da ta saƙa a jikinta ba.

Na yi shiru, don na san wannan labarin, kuma na san shi daga ɗaya ɓangaren. Ni ma ina ba mata ɗinkin hula a cikin gidaje. In kai zare da ƙyallen da aka zana, mace ta yi makonni tana soka allura tsakanin girki da raino, in karɓa in biya, a wanke a buga a kai kasuwa. Na san abin da take samu, na san abin da hular take zama a kan mai ita ranar Juma'a. Kuma ba ni da maganin abin. In na ƙara wa mai ɗinki na ƙara wa mai saye, shi kuma ya taka zuwa layi na gaba ya sayi ta inji da rabin kuɗin, daga nesa ba mai bambancewa. Masu cewa a daraja aikin hannu suna da gaskiya, amma kaɗan ne a cikinsu suke yarda su daraja shi da aljihu.

Ana saura kwanaki in taho Iya ta ciro wani akwatin kwali daga ƙarƙashin gado. A ciki, tsakanin fararen takardu, akwai wani ɗan wuyan riga da ta gada. Ta ce wannan ba na sanduna ba ne, na allura ne. Ta miƙo min gilashi. Ina dubawa gabana ya faɗi, don na san wannan ɗinkin. Mahaifina maɗinkin babbar riga ne a cikin birnin Zariya. Na tashi ina ganinsa a zaure da almajiransa, riga a kan gwiwa, mai zane ya riga ya fitar da aska da tambari a kan aljihu, su kuma suna bi da allura wata da watanni. Akwai inda suke huda ƙyallen da tsinke su zagaye hujin da ɗinki irin na gidan maɓalli, madauki na kama madauki, har wurin ya zama 'yan idanu a jere. Shi ne a gabana, a cikin akwatin wata tsohuwa a Turai. Bambancin kawai, su Baba suna yi a jikin ƙyalle, waɗannan kuwa sun yar da ƙyallen. Ana zana fure a kan takarda mai kauri ko fata, a kwantar da zare a kan layin zanen a ɗan kama shi, sannan a cike tsakiya da madauki bisa madauki, allura ba ta shiga takardar. In an gama a yanke zaren da ya kama ta baya, a ɗaga leshin, takarda ta koma a sake wani da ita.

A Venice ta ƙasar Italiya wannan salon ya yi ƙarfi tun ƙarni na 16, kuma maza ma suna sawa a wuya da bakin hannu, sarakuna da fadawa. Kuɗin Faransa ya yi ta kwarara can har ministan Sarki Louis na 14, Colbert, ya kafa masana'antun sarki a 1665, ya sa aka ɗauko gwanaye daga Venice su koya wa matan ƙasarsa. Garin Alençon ya fi kowa cin moriyar wannan. Har yau akwai 'yan tsirarun da suke yi a can, kuma a 2010 hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya. Santimita ɗaya tsawo, ɗaya faɗi, yana cin awa 7. Koyonsa gaba ɗaya shekara 7 zuwa 10. Da yarinyar ta karanto min wannan a waya sai da na sa ta maimaita. A Venice ɗin kanta abin ya kusa mutuwa. A 1872 aka yi wani sanyi da ya daskarar da ruwa, masuntan tsibirin Burano suka rasa abin yi, yunwa ta shigo. Sai aka buɗe makarantar leshi don mata su sami abin hannu, aka nemo wata tsohuwa mai suna Cencia Scarpariola wadda ba ta manta ɗinkin ba, daga hannunta aka sake ɗauka. Tsohuwa ɗaya. Da ta riga mutuwa da shekara biyu, Allah kaɗai Ya san abin da zai rage.

Sauran hanyoyin ban zurfafa a cikinsu ba. Akwai na kwarashi, wanda mu ma mun iya gwargwado, muna hular jarirai da na ɗora wa kujera. Matan Ailan sun kai shi wani matsayi a lokacin yunwar da ta same su daga 1845, suna saƙa fure daban, ganye daban, su haɗa da raga, su sayar su sayi abinci. Akwai na ƙulli da ake yi da 'yar ƙoshiya a tafin hannu. Wanda ya fi burge ni a cikin waɗannan a masallaci na gan shi. Gent na da Turkawa da yawa, kuma tsofaffinsu suna zuwa da ɗankwali mai 'yan furanni suna reto a baki. Bayan sallah na kama na wata Hajiya ina dubawa. Da allura aka ƙulla su, oya suke ce masa, kowane fure da ganyensa a tsaye. Jikarta ta ce a ƙauyukansu a da, amarya da ba ta da bakin magana a gidan miji da shi take faɗin abin da ke ranta, in ta sa mai barkono to a san zaman ba daɗi. Na yi dariya na ce da a garinmu ne da barkono ya yi tsada.

Kada a ce na dawo ina zagin inji. Da shi nake ci. Tun 1809 wani Bature a Ingila, John Heathcoat, ya ƙera injin da ke saƙa raga, a 1813 John Levers ya inganta shi a Nottingham, a 1863 kuma Isaak Gröbli na Suwizalan ya fito da injin ado mai allurai da yawa. Jikokin wannan injin na ƙarshe ne suke yi mana abin da muke sawa. Garin Lustenau na Ostiriya tun shekarun 1960 yake ɗinka wa Najeriya, da launukan da muke so da manyan hujojin da muke so, kuma 'yan kasuwarmu mata suna zuwa har can su zaɓi zane. Inji ne ya sa 'yar malamin makaranta ta sa leshi ranar aurenta, abin da a da sai matar sarki. Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Shi ne kuma ya karya matan Bruges, kamar yadda keken ado ya kwashe almajiran zauren Baba ɗaya bayan ɗaya. Duka biyun gaskiya ne, kuma ina sayar da leshina ba tare da jin kunya ba.

Iya ta ba ni sanduna dozin biyu da katuna da zaren lilin. Matashi bai shiga akwati ba. Da na dawo na sami farin soso mai tauri irin wanda ake tallafe firiji da shi a kwali, na yanka shi zagaye, na lulluɓe da shuɗin yadi. Na kai wa wani masassaƙi sanda ɗaya ya kwaikwaya. Ya juya ta ya ce, "Hajiya, wannan na dakan me ne?" Ya yi min su da kyau, sai dai na sha gugar su da takarda mai yashi kafin su daina kama zare. Fil na kasuwa da damina ta shigo ya yi tsatsa ya ɓata min aikin sati, dole na aika a kawo na tagulla. Hunturu kuma ya zo da nasa: lilin ya bushe ya riƙa tsinkewa ina ja. Na kira yarinyar ta sauka ta tambayi Iya. Ta ce ai saboda haka ne a da masu kaɗa zare mafi siriri a Flanders, wato yankinsu na Beljiyam, a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa masu danshi suke aiki. Ta ce in riƙa rufe matashin da ɗan tsumma mai laima in na tashi. Ya yi magani. Yanzu ma na fi amfani da zaren auduga, ya fi haƙuri da garinmu.

Matan da ke zuwa sayen kaya suna ganin matashin a falo su tsaya. Wata uwar amarya ta ce in zagaye mata mayafi da shi. Na yi lissafi a gabanta. Daga azahar zuwa la'asar ba na wuce tsawon ɗan yatsa, bakin mayafi kuwa ya fi yadi shida. Ko da kuɗin 'yar wanke-wanke na auna watannin, ya fi kuɗin leshin da ke akwatinta. Ta riƙe baki ta ce, "Hajiya, zinare kike saƙawa?" Muka yi dariya, ta sayi na inji ta tafi. Tun daga nan ban ƙara sa masa farashi ba. Ina yi wa jikokina bakin hula da wuyan riga. Yara mata uku na maƙwabta suna zuwa ranar Alhamis da Juma'a da ba Islamiyya, biyu don hira suke zuwa, ɗayar kuwa, 'yar mai kitson layinmu, ta riga ta wuce ni sauri.

Da Sallah ƙarama na je Zariya gaisuwa, na biya wurin babban almajirin Baba, wanda har yanzu yake ɗinkin hannu, ko da yake ido ya fara ja baya. Na nuna masa hoton wuyan rigar Iya a waya, na buɗa masa shi sosai. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "'Yar Malam, ina ƙyallen?" Na ce, "Yaya, babu." Na yi masa bayanin takarda da zaren da ake kwantarwa. Bai ce komai ba, ya yage bangon wani tsohon littafin lissafi, ya zana ganye ɗaya da biro, ya zare zare daga ƙullin da ke gefensa. Kafin a kira magariba ya cike rabin ganyen, madaukansa a jere ba wanda ya fi wani. Ya ɗaga shi ya duba, ya girgiza kai, ya ce zaren ya yi kauri, kuma takardar tana lanƙwashewa. Ya ce in zan dawo da Babbar Sallah in taho masa da irin siririn nan na Turawa da allura mafi ƙanƙanta da zan samu, shi zai nemi fata a wurin dukawa. Na riga na aika wa yarinyar sautun.